A Tambayi Inji Kafin A Kwance Shi



Yau maganar inji muka zo da ita, injin ma na ƙaramin jirgin sama. Mun san akwai mai cewa me ya haɗa kifi da kaska, mu da yawancinmu ko matakalar jirgi ba mu taɓa takawa ba. A yi mana haƙuri a biyo mu. Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel, ko a Ɗanzomo ne, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko cikin Sule Tankarkar, rayuwarsa a wuyan inji take rataye. Tuwon dare sai injin niƙa ya tashi. Ruwan burtsatse a wurare da dama sai janareta ya yarda. Mai naƙuda a ƙauye, a kan babur ko a tsohuwar mota ake rugawa da ita asibitin Gumel. Mai kai dabbobi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, idan mota ta tsaya masa a hanya, ciniki ya wuce shi sai wani mako. Saboda haka yadda ake gyaran inji a garuruwanmu magana ce da ta shafi kowa.

Ga abin da muke gani kullum. Inji ya fara tari, sai a canza fulogi. Bai daina ba, a wanke kafireto. Bai daina ba, a sayo sabon kwayil. Daga nan a ce ringi ne, a sauke inji gaba ɗaya. Sai an gama tatse mai abu sannan a gano ashe ruwa ne kwance a gindin tanki, ko kuwa ɗan hujin da ke murfin tankin ne ya toshe. An bar jaki ana ta dukan taiki. Kuɗi masu yawa da muke kashewa da sunan gyara, a gaskiya caca muke yi da su. Ra'ayinmu shi ne, abin da ya fi ƙaranci a garejinmu tsarin bincike ne, ya fi sifana da sababbin na'urori ƙaranci, kuma babu inda aka goge a wannan tsari kamar wurin masu gyaran ƙananan jirage.

Dalilin gogewar tasu a fili yake. Direban mota idan inji ya mutu masa, sai ya gangara gefen titi, ya sa dutse a taya, ya aika a kira makanike. Matuƙin jirgi ba shi da gefen titi. Wannan ne ya tilasta musu haramta wa kansu kirdado. Kuma kada a ɗauka abin ya yi mana nisa. A Zariya akwai kwalejin koyon tuƙi da gyaran jirage tun 1964. A Kaduna an taɓa harhaɗa ƙananan jirage 60 masu suna Air Beetle domin horar da sojojin sama. A nan Jigawa ma, shekarun da tsuntsayen jan baki suka addabi manoman kwarin Haɗeja, da ƙaramin jirgi ake bi ana musu feshi. Idan wannan jirgi ya kwana uku a ƙasa ana neman abin da ke damun injinsa, jan baki ba za su jira shi ba.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne yadda injin irin waɗannan jirage ya yi kama da namu. Mu ɗauki Lycoming O-360, wanda shi aka sa wa Air Beetle. Silinda huɗu gare shi, ƙarfin doki 180, fetur yake sha, kafireto gare shi, kuma iska ce ke sanyaya shi kamar dai babur. Abin da yake buƙata bai wuce abin da injin ban ruwa yake buƙata ba: mai, iska, da wuta, kowanne daidai gwargwado kuma a kan lokaci. Babban bambanci shi ne an ninka masa wasu abubuwa don gudun tsautsayi. Kowace silinda fulogi biyu gare ta. Na'urar da ke haifar da wutar fulogi, wato maganeto, guda biyu ce, kowacce da nata layin, kuma ba ruwansu da batir.

To mu ƙaddara matuƙi ya sauka, ya ce wa makanike yana cikin hawa sama sai ya ga allurar gejin turin mai ta yi ƙasa, inji kuma ya fara gargada. Me makaniken zai fara yi?

Ba zai ɗauki sifana ba tukuna. Tambayoyi zai jero. Yaushe abin ya fara, inji na da sanyi ko bayan ya ɗau zafi? A kan cikakken totur ne ko an sassauta? Daga wane tanki ake sha a lokacin, na hagu ko na dama? Yaushe aka zuba mai na ƙarshe, kuma daga ina? Mene ne abu na ƙarshe da aka taɓa a jikin injin kafin yau? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce uwa, domin sau da yawa ciwon yau ɗan gyaran jiya ne: an ɗaure tiyo ba a matse ba, ko an mayar da filta a karkace. Amsoshin nan kaɗai kan rage abubuwan zargi daga ashirin zuwa uku, ba a kashe ko kwabo ba. A wurinmu kuwa, mai babur bai gama faɗin "Oga, yana ɗan yi mini..." ba, yaron gareji ya riga ya kwance fulogi.

Daga tambaya sai a koma kan man kansa. A duniyar ƙananan jirage doka ce, kafin a tashi, kuma bayan duk wani zuba mai, sai an tsiyayo kaɗan daga ƙasan kowane tanki a cikin kofi mai haske an ɗaga an duba. Fetur ɗinsu da ake kira 100LL an rina shi shuɗi da gangan don ido ya gane shi. Lita ɗaya ta fetur nauyinta kusan giram 720 ne, ta ruwa kuwa giram 1000, saboda haka ruwa ba ya tsayawa a sama, ƙasa yake kwanciya, daidai inda bakin tiyo yake zuƙa. A cikin kofi za a gan shi dunƙule a gindi kamar duwatsun wuya. Ruwan kan shiga ta murfin da robarsa ta mutu lokacin damina, ko ta raɓar da ke taruwa a bangon tankin da ya kwana rabi babu komai, ko kuma da shi aka sayo man. Wani abin lura a nan: geji ba ya bambance ruwa da fetur. Famfo zai turo ruwa da ƙarfi ɗaya da yadda yake turo mai, allura ta tsaya cak a inda ya kamata, inji kuwa yana shaƙewa. Wanda ya dogara da geji kaɗai, bai duba kofi ba, zai kwana yana nema a inda babu.

Idan man ya fito tas, sai a bi hanyarsa taki-taki daga tanki zuwa inji, ba tsallake. A jiragen da fukafukinsu ke sama, irin tsofaffin Cessna 172, man gangarowa yake yi da kansa kamar na babur. A waɗanda fukafukinsu ke ƙasa kuwa sai an turo shi, shi ya sa ake sa musu famfo biyu: ɗaya inji ne ke juya shi, ɗayan na lantarki ne, ana kunna shi lokacin tashi da sauka da kuma idan an shiga matsala. Kamfanin da ya ƙera O-360 ya rubuta cewa turin mai a bakin kafireto kada ya gaza 0.5 kada ya haura 8 a ma'aunin psi, kuma 3 aka fi so. Wato akwai lamba. Makanike ba ya cewa "kamar ya ɗan yi ƙasa", aunawa yake yi ya kwatanta da abin da ke cikin littafi.

Famfon nan na lantarki shi ne babban mai ba da shaida. Idan an kunna shi allura ta dawo, inji ya daidaita, to zargi ya koma kan famfon inji, ko kan wani abu da ke hana shi zuƙa yadda ya kamata. A lura, zargi muka ce, ba a yanke hukunci ba tukuna. Idan an kunna shi babu abin da ya canza, allura na ƙasa inji na tari, to man ne ba ya isowa famfunan tun daga baya: ko filta ta cika da datti, ko bawul ɗin zaɓen tanki bai buɗe sosai ba, ko tiyo ya lanƙwashe, ko kuma tankin ne babu komai ana ta yarda da gejinsa. Idan kuwa allura na ƙasa amma inji na aiki lafiya ƙalau har a cikakken totur, to wa ya fi cancanta a tuhuma? Gejin. Sai a ɗauko wani da aka tabbatar da ingancinsa a jona a kwatanta. An sha sayen sabon famfo mai tsada alhali waya ce guda ta saki a bayan geji.

Akwai abubuwa uku a wannan hanya ta mai da muke so mu ɗan daɗe a kansu, domin su ne suka fi cin kuɗin mutanenmu a ɓoye.

Kowa ya san idan za a zuba madarar gwangwani, huji biyu ake yi. Ka yi ɗaya kawai, madarar za ta ɗan zubo ta tsaya, saboda iska ba ta samu ta inda za ta shiga ta maye gurbin abin da ya fita ba. Tankin mai ma haka yake, dole yana da mashigar iska. A jirgi ɗan siririn bututu ne a ƙarƙashin fiffike, kuma babban abokin gabarsa kowa a Ɗanzomo ya san shi: zanzaro. Wannan ƙwaro mai gina ɗakin laka babu abin da yake so kamar ƙaramin rami, ya samu jirgi a ajiye kwana biyu sai ya shige ya yi gini. Alamar wannan ciwo ba ta ɓuya. Inji zai tashi lafiya, ya yi aiki na 'yan mintuna, sannan ya fara shaƙewa har ya mutu. A bar shi ya huta, iska ta lallaɓa ta shiga, ya sake tashi kamar ba shi ba. Wa bai taɓa ganin janareta ko babur mai wannan hali ba? Nasu hujin a jikin murfin tanki yake, ƙura da tsatsa ke toshe shi. Gwajinsa kyauta ne: da zarar ya fara shaƙewa a sassauta murfin. Idan an ji iska ta ja ciki, inji kuma ya farfaɗo, magana ta ƙare, tsinke ko allura ne maganinsa.

Sai zafi. Fetur ba abu ɗaya ba ne, gaurayen sinadarai ne, kuma wasu daga cikinsu sukan fara tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba. Zuƙar da famfo ke yi tana ƙara sauƙaƙa tafasar. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maigatari ke haura 40 a inuwa, a yi tunanin abin da ke faruwa a cikin tiyon da ya bi ta kusa da salansa. Man sai ya zama tururi a cikin tiyo, famfo kuma an yi shi ne don tura ruwa, ba ya iya kama tururi. Allura ta rinƙa rawa, inji ya rinƙa yankewa, musamman idan an kashe shi da zafi an zo sake tayarwa bayan 'yan mintuna. Fetur ɗin mota ya fi na jirgi saurin yin haka. A nan dole mu jinjina wa tsofaffin direbobinmu, waɗanda tun da daɗewa suke jiƙa tsumma su ɗora a kan famfon mai idan mota ta ƙi tashi da tsakar rana. Sun gano ciwon daidai. Inda makaniken jirgi ya ɗara su shi ne, shi ba ya tsayawa a tsumma, sai ya nisanta tiyon daga wurin zafi ya kuma sa masa rigar kariya, don kada gobe a sake.

Na ukun ya fi su wayo. Idan tiyo ya tsage a gaban famfo, mai zai ɗiga, kowa ya gani. Idan kuwa a bayan famfo ya tsage, ta ɓangaren da ake zuƙa, sau da yawa ba ya ɗiga ko kaɗan, iska yake shigarwa. Ka duba ka ga ko'ina a bushe, ka rantse babu yoyo, alhali famfo rabin abin da yake turawa kumfa ne. Masu injin niƙa na dizal sun san azabar iska a layin mai. Kullum ana fitar da ita, kullum tana dawowa, saboda ba a nemi ƙofar da take shigowa ba.

Idan hanyar mai ta wanke kanta, sai a juya kan wuta, kuma a nan ne ninka maganeto ke nuna amfaninsa. Kafin kowane tashi matuƙi kan ɗaga inji zuwa wajen juyi 1800 a minti, ya kashe maganeto ɗaya ya bar ɗaya, sannan ya musanya. Dole juyin ya ɗan sauka, amma littafin Lycoming ya ce kada saukar ta wuce 175, kada kuma bambancin da ke tsakanin biyun ya wuce 50. Idan inji ya yi gargada a kan maganeto ɗaya, ya daidaita a kan ɗayan, to an san layin da ciwon yake. Sauran a gano silindar. Tsohuwar dabara ita ce a bar injin ya ɗan yi aiki a kan layin mai ciwo, a kashe, a bi silindojin ana jin ɗuminsu. Wadda ta fi sauran sanyi ita ce ba ta cin wuta. Cikin fulogi takwas, ɗaya tak za a kwance.

Kuma idan an kwance shi ba a jefar da shi, karanta shi ake yi. Fulogin da ya yi baƙi da busasshen hayaƙi yana cewa mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Wanda ya yi fari fat yana cewa mai ya yi kaɗan, inji na ƙonewa da zafi. Wanda ya jiƙe da baƙin mai yana nuna ringi ko bawul. A jirgi har da wanda dalmar cikin fetur ta taru a bakinsa. Fulogi shaida ne da ya kwana a cikin ɗakin da abin ya faru, mu kuwa mukan jefa shi bayan gareji ba mu tambaye shi komai ba. Shi ya sa sabon da aka sa yakan yi kwana uku shi ma ya yi baƙi, domin matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe tana nan yadda take.

Bari mu ɗan ratse, don wannan ya ba mu mamaki ranar da muka fara karanta shi. Ƙanƙara na iya taruwa a cikin kafireton jirgi ko da zafin waje ya kai digiri 30, muddin iska na da laima, irin ta tsakiyar damina. Iskar da ke matsewa a maƙogwaron kafireto, haɗe da fetur ɗin da ke zama tururi a wurin, sukan saukar da zafi da digiri 20 ko fiye. Laimar sai ta daskare ta rage hanyar iska. Matuƙi na da maɓallin da ke turo iska mai ɗumi, kuma da ya ja shi gargadar takan fara ƙaruwa, saboda injin na haɗiyar narkakken ruwa, sannan ta lafa. Wanda bai san haka ba sai ya tsorata ya mayar da maɓallin, ya koma gidan jiya. Kafin jirgin ya sauka kuma ƙanƙarar ta narke, makanike ya buɗe bai ga komai ba. A irin wannan, bayanin matuƙi ne kaɗai ke kama ɓarawo.

Ƙa'idar da ta ɗaure duk wannan ita ce, abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta. Kowane injin jirgi yana da littafinsa, duk wanda ya taɓa shi sai ya rubuta abin da ya gani da abin da ya yi, ya sa hannu. Idan ka canza abu huɗu a tare inji ya gyaru, ba ka san wanne ne mai laifi ba, an biya kuɗin uku a banza, kuma ranar da ciwon ya dawo daga farko za ka fara.

Har ma lafawar ciwo bayan ka taɓa wani abu ba hujja ba ce cewa ka dace. Misalin da ake koyarwa a makarantun tuƙi ba na ƙaramin jirgi ba ne, amma darasinsa ɗaya ne. Ranar 8 ga Janairun 1989, wani Boeing 737 ya tashi daga Landan zuwa Belfast ɗauke da mutum 126. Injinsa na hagu ya samu matsala, jirgin ya ɗauki jijjiga. Matuƙan suka zaci na dama ne, suka rage masa wuta. Aka yi rashin sa'a jijjigar ta lafa a daidai lokacin, saboda matakin da suka ɗauka ya sa man da ke shiga na hagun shi ma ya ragu. Ganin haka suka tabbatar wa kansu sun gano, suka kashe injin da lafiyarsa ƙalau. Da suka zo sauka suka nemi ƙarfi daga mai ciwon, sai ya ƙarasa mutuwa. Jirgin ya faɗi a gefen babbar hanya kusa da ƙauyen Kegworth a Ingila, mutum 47 suka rasu. Kowane sabon fulogi da ya ba mu kwana uku na sauƙi, irin wannan lafawar ce.

Mu dawo gida, domin mu ne ma muka fi kowa buƙatar fara zargin mai. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Maigatari a bakin iyakar Nijar take, saboda haka jama'a da dama suka koma sayen na jarka da na kwalba a wurin 'yan bumburutu. Ba mu ce duk mai sayar da man jarka maha'inci ne ba, da yawansu neman halak suke yi. Amma jarkar da ta sha rana da raɓa, aka juye daga wannan zuwa waccan da mazurari ɗaya, ko ba a yi niyya ba sai ta tara ruwa da yashi a gindi. Na gidan mai ma ba a rantse masa. A watan Fabrairun 2022 hukuma da kanta ta sanar cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, layin mai ya dawo. A watan Yulin 2023 kuma an tsiyayo ruwa daga tankin wani babban jirgin fasinja a filin jirgin saman Yola. Idan ruwa zai iya kaiwa can, jarkar bakin hanya ba ta da hujjar da za ta kare kanta. Ga kuma abin da cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023 ya haifar: kowa na sayen lita ɗaya, rabin lita, tanki kullum a ƙasa. Tankin da ba ya cika shi ya fi tara raɓa da tsatsa, kuma daga gindinsa, inda dattin yake, inji ke sha kowace rana.

Masu ƙananan jiragen da aka yarje wa shan fetur ɗin mota suna da wani gwaji da ya dace da mu sosai. A samu kwalba mai haske, a zuba ruwa kaɗan, a yi alama daidai inda ya tsaya. A ƙara fetur kamar ninkinsa tara, a rufe, a girgiza, a ajiye ya kwanta. Idan ruwan ya haura alamar, to akwai metanol ko danginsa a cikin man, domin su ruwa suke bi su bar fetur. Kwalba ce kawai da ɗan haƙuri. A dai yi shi a fili, nesa da wuta da masu shan taba.

Mun san abin da makanike zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce shi ba shi da geji, ba shi da littafin kamfani, injin da ake kawo masa ma an yi masa dashen kaya kala-kala har uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba. Zai ce makaniken jirgi albashi yake karɓa, shi kuwa sai ya taɓa yake ci. Haka ne. Amma a sake duba abin da muka lissafo a sama, nawa ne a ciki yake buƙatar na'ura? Tambaya ba ta buƙata, kwalba ba ta buƙata, sassauta murfi, jin ɗumin silinda, karanta fulogi, duk ba sa buƙata. Geji ne kaɗai abin saye, shi ma gareji uku za su iya haɗa kuɗi su mallaki ɗaya.

Inda maganarsa ta fi nauyi shi ne batun abin da zai ci, kuma a nan yatsa kanmu yake nunawa, mu masu kai gyara. Makanike ya yi rabin awa yana bincike, ya gano hujin murfi ne, ya sa tsinke ya buɗe, sai mu ce, "Haba Oga, ai ba ka yi komai ba," mu miƙa masa kuɗin ruwan leda. Wanda kuwa ya kwance rabin inji, ya tara mana tsofaffin kaya a leda, shi muke biya da murna har mu ce ya iya aiki. Mu da kanmu muka koya musu cewa sani ba ya kawo kuɗi, kwancewa ce ke kawowa. Yaron da ke koyon aiki yana kallo, kuma abin da ya ga ana biya shi zai koya. Matuƙar ba mu yarda mu biya kuɗin bincike daban da kuɗin kaya ba, to ba mu da bakin kuka da canje-canje. Ƙungiyoyin kanikawa na Gumel da Maigatari za su iya tsayar da wannan a tsakaninsu, a san cewa gano ciwo aiki ne mai farashinsa, ko an sayi kaya ko ba a saya ba. Mai inji zai ga kamar an ƙara masa caji, amma idan ya lissafa kwayil da kafireton da bai saya ba, zai ga inda ribar take.

Sauran aikin na mai inji ne, ba sai ya jira kowa ba. Ya tace mai da kyalle mai tsabta kafin ya zuba, kada kuma ya yarda a juye masa ƙarshen jarka. Janareta da injin ban ruwa suna da ɗan kofi ko sukurun tsiyaya a ƙasan kafireto, a rinƙa buɗewa lokaci-lokaci a ga abin da zai fito. Injin da za a ajiye har wata damina ko wani rani, a tsiyaye mansa, a toshe bakin salansa da na iska saboda zanzaro, a kuma ɗaura wani jan ƙyalle a wurin don kada a manta a cire. Sannan a sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare, a rataye shi kusa da injin. Duk ranar da ya yi tari a rubuta kwanan wata, inda aka sayi man, ko da zafi ne ko da sanyi, abin da aka taɓa, da abin da ya biyo baya. Ranar da za a kai shi gareji, a tafi da littafin, a miƙa wa Oga kafin ya ɗauki sifana.